Rikicin systemd: Me Ya Sa Manhajar da Ke Tayar da Kwamfuta Ta Raba Kan Masu Linux?

Me zai sa mutanen da suka shekara da shekaru suna aiki tare, akasarinsu ba tare da albashi ba, su raba gari saboda wata manhaja da mai amfani da kwamfuta ba ya ko ganinta? Wannan tambaya ta taso mini ne a wata ƙaramar cibiyar koyar da kwamfuta da nake koyarwa a cikin birnin Katsina, ranar da ɗalibaina biyu suka kaure da musu bayan an tashi daga aji. Ɗaya yana cewa systemd makirci ne da manyan kamfanoni suka ƙulla don su ƙwace Linux daga hannun talakawa, ɗayan kuma yana cewa masu ƙin ta tsofaffi ne kawai da ke tsoron sabon abu. Da suka gaji sai suka juyo gare ni, ɗayansu ya ce, "Malam, don Allah raba mana gardama, wa ke da gaskiya?" Kowannensu ya tsinci maganarsa ne a intanet, kuma kowannensu ya kama gefe ɗaya na gaskiya ya saki sauran. Tun da matasanmu da ke koyon Linux a Katsina da Daura da Dutsin-Ma suna ƙaruwa, ya dace a warware zancen daga tushe.

Mene ne init, kuma me ya sa yake da wannan matsayi?

Idan aka kunna kwamfutar da ke aiki da Linux, tsarin gudanar da kwamfuta irin Windows amma wanda rubutunsa ke buɗe ga kowa, ƙwayar tsarin, wato ainihin ɓangaren da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 a ƙasar Finlan, ita ce ke fara kama ragamar injin. Daga nan sai ta tayar da manhaja guda ɗaya tak ta miƙa mata sauran aikin. Wannan manhaja ita ake kira init, kuma ita ke ɗauke da lamba 1 a jerin duk ayyukan da ke gudana a cikin kwamfutar. Ita ke haɗa ma'ajiyar bayanai, ta tayar da hanyar sadarwa, ta kunna agogo da sauti, ta buɗe shafin da mutum zai shigar da sunansa da kalmar sirri, kuma idan aka zo kashe kwamfutar ita ke sallamar kowa bi da bi.

Matsayinta ya yi kama da na uwargida a babban gida. Ita ke riga kowa tashi da asuba, ta hura wuta, ta aiki yaro ɗebo ruwa, ta san cewa ba a talge sai ruwa ya tafasa, ba a kuma raba tuwo sai miya ta nuna. Har ma idan wata manhaja ta mutu ta bar ƙananan ayyukan da ta haifa, init ce ke ɗaukar riƙon marayun. Idan kuwa ita kanta ta faɗi, ƙwayar Linux ba ta da abin yi sai ta tsaya cak, kwamfutar ta sandare. Saboda haka duk wanda ke rubuta init yana riƙe da wuri mafi hatsari a gidan, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa mutane ke sa ido a kan hannun da ke riƙe da shi.

Shekaru da dama, yawancin nau'o'in Linux suna amfani da salon da suka gada daga Unix System V, wanda kamfanin AT&T na Amurka ya fitar a 1983. A wannan salo, kowace manhaja tana da fayil na rubutattun umarni da ke bayyana yadda za a tayar da ita, ana kuma bin fayilolin ɗaya bayan ɗaya bisa lambobin da ke farkon sunayensu. Kyawunsa shi ne duk mai kula da kwamfuta zai iya buɗe fayil ya karanta ya gyara. Aibinsa kuma shi ne jinkiri, da maimaita rubutu iri ɗaya a fayiloli masu yawa, da kuma cewa idan manhaja ta faɗi bayan an tayar da ita, babu mai lura balle ya sake tayar da ita. An ƙirƙiro shi ne a zamanin da kwamfuta ke zaune wuri ɗaya da kayanta a jone, kafin zamanin da mutum zai soka filashi ya zare, ya rufe laftof a Kofar Kaura ya buɗe ta a Batagarawa a kan wata hanyar intanet daban.

Yadda systemd ta shigo

Ba systemd ce ta fara neman gyara ba. Kamfanin Apple ya fito da launchd a 2005, kamfanin Canonical mai nau'in Linux da ake kira Ubuntu kuma ya fito da Upstart a 2006. A watan Afrilun 2010 ne Lennart Poettering, wani Bajamushe da ke aiki a kamfanin Red Hat, tare da abokin aikinsa Kay Sievers, suka gabatar da systemd. Dabararsu ita ce a daina rubuta dogon umarni ga kowace manhaja, a koma ɗan gajeren bayani da ke cewa ga manhajar, ga abin da take buƙata kafin ta tashi, ga abin da za a yi idan ta faɗi. Da wannan bayani systemd ke tayar da abubuwa da yawa lokaci guda, ta riƙa bin sawun kowace manhaja da duk 'ya'yanta, ta sake tayar da wadda ta faɗi.

Cikin nau'o'in Linux, Fedora 15 ta ɗauke ta a 2011, Arch Linux ta bi a 2012, babban nau'in kasuwanci na Red Hat kuma ya koma kanta a 2014. Na ga amfaninta da idona. A cibiyarmu akwai wata tsohuwar kwamfuta da muka mayar saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, inda ɗalibai ke ajiye ayyukansu, kuma a rana ɗaya ana iya ɗauke wuta sau uku kafin a tayar da janareta. Da can sai na zo da kaina na duba abin da ya tashi da abin da ya ƙi tashi. Yanzu fayil mai layi goma ya wadatar, manhajar ajiyar tana jiran hanyar sadarwa ta tashi, idan ta faɗi a sake tayar da ita bayan daƙiƙa biyar, kuma ɗalibin da ya fara koyo wata biyu da suka wuce yana iya karanta fayil ɗin ya fahimta. Duk wanda ya ce systemd ba ta kawo komai ba, bai taɓa kwana yana lallashin saba ba.

To ina matsalar take?

Ƙorafi na farko shi ne faɗaɗa. Akwai tsohuwar ƙa'ida a duniyar Unix, wadda ake dangantawa da Doug McIlroy, cewa kowace manhaja ta yi aiki ɗaya ta kuma iya shi sosai. systemd ta fara da tayar da kwamfuta, amma a hankali aikin ya haɗa da ajiye rahoton abin da ke faruwa, da kula da shigar masu amfani, da saita lokaci, da hanyar sadarwa, kuma a 2012 aka shigar da udev, manhajar da ke gane kayan da aka jona, cikin rumbunta. Masu suka suka ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Masu kare ta suka amsa cewa waɗannan manhajoji ne daban-daban da ake renonsu a gida ɗaya, ba duka ke zaune a cikin lamba 1 ba, kuma da yawansu ana iya kashe su. Amsar gaskiya ce, sai dai ba ta kashe ƙorafin ba, domin yawancin sassan ba sa aiki idan babu uwarsu.

Ƙorafi na biyu ya shafi rahoto. A da, rahoton kwamfuta rubutu ne zalla da kowane irin kayan karatu zai buɗe. systemd tana ajiye nata a wani tsari na musamman da sai da kayan aikinta ake karantawa, wanda ya sa bincike ya fi sauri, amma ya sa wasu tsoron ranar da wuta za ta ɗauke ana tsakiyar rubutu fayil ya lalace. Ga mu da ke zaune inda ɗaukewar wuta abin yau da kullum ne, wannan ba tsoron banza ba ne, ko da yake ana iya saita ta ta riƙa miƙa kwafi ga tsohon salon.

Ƙorafi na uku shi ne mafi nauyi, kuma a nan ne zancen ya tashi daga fasaha ya koma amana. GNOME, ɗaya daga manyan fuskokin da mai amfani da Linux ke gani a allonsa, ta fara dogara da logind, wani sashe na systemd. Ma'ana, nau'in Linux da ke son bai wa mutanensa GNOME ba tare da wahala ba, sai ya ga hanya mafi sauƙi ita ce ya karɓi systemd ɗungurungum. Babu wanda ya tilasta wa kowa da doka, lasisin systemd a buɗe yake, kowa na iya kwafa ya canza. Amma mutane suka ji cewa zaɓin da aka ce suna da shi yana ƙanƙancewa, kuma da suka duba suka ga Red Hat ce ke biyan albashin manyan marubutan systemd, ita ce kuma ke biyan da yawa daga masu aikin GNOME. Daga nan zargi ya samu wurin zama. Sayen Red Hat da IBM ya yi a 2019 kan dala biliyan 34, da komawar Poettering kamfanin Microsoft a 2022, sun ƙara wa masu zargin ƙarfin gwiwa, ko da yake babu ɗayansu da ya canza lasisin manhajar.

Sai kuma halin mu'amala. A 2014 Linus Torvalds ya fito fili ya ce ba zai karɓi aikin Kay Sievers a ƙwayar Linux ba har sai ya gyara yadda yake karɓar rahoton matsala, bayan wata tangarɗa da systemd ta jawo aka ƙi ɗaukarta da muhimmanci da farko. A 2016 wani sabon fitowar systemd ya canza saiti ta yadda ayyukan da mutum ya bari suna gudana za su mutu da zarar ya fita daga kwamfutar, abin da ya saɓa wa al'adar shekaru, har manyan nau'o'in Linux suka mayar da saitin yadda yake. Irin waɗannan ne suka sa mutane jin cewa idan sun kawo kuka ba a saurare su. A ganina wannan ya fi kowace hujjar fasaha ɓata dangantaka, domin mutum yana iya haƙuri da kayan aiki mai aibi muddin ya san mai shi yana jin magana.

Abin da ya faru a Debian

Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, ba kamfani ba ce. Ƙungiya ce ta 'yan sa-kai kimanin dubu masu ƙuri'a, da kundin tsarin mulkinta da shugaban da ake zaɓa, kuma a kanta aka gina Ubuntu da Kali da wasu da dama. Duk inda ta karkata, rabin duniyar Linux ya karkata. Da muhawara ta ƙi ƙarewa sai aka miƙa zancen ga kwamitin fasaha mai mutum takwas, kuma a watan Fabrairun 2014 ƙuri'a ta rabu huɗu da huɗu tsakanin systemd da Upstart. Shugaban kwamitin, Bdale Garbee, ya yi amfani da ƙuri'arsa ta raba gardama ya zaɓi systemd. Abin lura shi ne Upstart ma kayan kamfani ce, kuma Canonical tana neman duk mai ba da gudummawa ya sa hannu a wata yarjejeniya da ta ba kamfanin iko na musamman a kan aikin, abin da ya sa wasu 'yan Debian suka ƙi ta. Wato zaɓin ranar bai kasance tsakanin kamfani da talakawa ba kamar yadda ɗalibina ya ɗauka. Kwanaki kaɗan bayan haka Mark Shuttleworth, mai Canonical, ya sanar cewa Ubuntu ma za ta bi Debian, ta kuma yi hakan a 2015.

Hukuncin ya bi ƙa'ida, amma hukuncin da ya rataya a kan ƙuri'ar mutum ɗaya bai kwantar da zukata ba. A ƙarshen 2014 Ian Jackson, ɗaya daga 'yan kwamitin, ya kawo ƙudurin da zai hana manhajoji dogara da init guda ɗaya, aka kaɗa ƙuri'ar gama-gari a watan Nuwamba, masu rinjaye suka ce babu buƙatar ƙudurin. A cikin makonnin nan Joey Hess, wanda ya daɗe yana yi wa Debian hidima, ya bar ƙungiyar, Russ Allbery da Ian Jackson suka sauka daga kwamitin fasaha, Tollef Fog Heen kuma ya janye daga kula da systemd a Debian saboda yawan hare-haren baki. Poettering da kansa ya bayyana cewa an yi masa barazanar kisa. Wannan abin kunya ne da babu hujjar fasaha da za ta wanke shi, kuma ya cutar da masu ƙorafi na gaskiya fiye da kowa, domin daga lokacin duk mai suka sai a haɗa shi da masu zagi.

A watan Nuwambar ne wasu suka ɓalle suka kafa Devuan, wato Debian ba tare da systemd ba, kuma fitowarta ta farko mai ƙwari ta zo a 2017. A Disambar 2019 Debian ta sake kaɗa ƙuri'a, aka tsaya a kan systemd tare da barin ƙofa a buɗe ga masu gwada wasu hanyoyin. Har yau akwai nau'o'in Linux masu wata init daban: Gentoo da Alpine suna da OpenRC, Void tana da runit, Slackware tana nan a kan tsohon salonta, wasu kuma sun ciro logind sun mayar da ita elogind don ta yi aiki ita kaɗai.

Darasin xz: kowane ɓangare ya samu rabonsa

A ranar 29 ga Maris 2024, Andres Freund, injiniyan da ke aiki a kan manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, ya sanar cewa ya gano ɓarauniyar hanya da aka dasa a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace kwamfutar Linux ke ɗauke da ita. Abin da ya ja hankalinsa shi ne shiga kwamfuta daga nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, injin kuma yana aiki fiye da kima. Da ya bi diddigi sai ya tarar an shirya abin ne don bai wa wani damar shiga sabobi ba tare da izini ba.

Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe fiye da shekara biyu yana ba da gudummawa mai kyau har ya samu amincewa. Mai kula da xz na asali, Lasse Collin, mutum ɗaya ne da ke aikin a lokacin hutunsa ba tare da biya ba, ya kuma faɗa a fili cewa ƙarfinsa ya ragu, yayin da wasu sunaye da ba a san su ba suka yi ta matsa masa lamba ya miƙa ragama ga wani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. An yi sa'a abin ya tsaya a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, waɗanda ba su kai ga yawancin nau'o'in da ake aiki da su a sabobi ba.

Ina systemd ta shigo? OpenSSH, manhajar shiga daga nesa, ba ta da alaƙa da xz a asalinta. Amma Debian da Fedora da wasu sun yi mata ƙari don ta riƙa sanar da systemd cewa ta tashi, ƙarin ya jawo wani ɗakin karatun systemd, wato tarin umarnin da wasu manhajoji ke ara su yi aiki da shi, shi kuma ya jawo na xz. Ta wannan sarƙa ce gubar ta isa ƙofar gida. Masu sukar systemd suka ce ga abin da suke faɗa tun shekara goma, cewa yawan sarƙaƙiya yana buɗe hanyoyin da babu wanda ya lissafa, kuma a nan suna da gaskiya. Sai dai ba marubutan systemd suka dasa gubar ba, ba su suka yi wa OpenSSH ƙarin ba, kuma manhajar da aka ci amanarta irin ƙaramar nan ce mai aiki ɗaya da tsohuwar ƙa'idar Unix ke yabo. Daga baya systemd ta daina jawo ɗakunan matse fayil sai an buƙace su, OpenSSH kuma ta rubuta hanyar sanarwarta da kanta.

Ana yawan cewa tunda rubutun buɗaɗɗiyar manhaja a fili yake, hannu da yawa zai zama maganin ƙazamar miya. Lamarin xz ya nuna cewa buɗe rubutu dama ce kawai ta dubawa, kuma damar ba ta amfani sai an samu mai lokaci da sani da ya duba ɗin. Ya kuma nuna ɗaya gefen, domin da rubutun a rufe yake, Freund ba zai iya bin sawun rabin daƙiƙa har ya kai ga tushe ba.

Me wannan ke nufi ga mai koyo a Katsina?

Mai wayar Android ba shi da abin damuwa kai tsaye, domin Android tana da init nata daban. Amma sabobin da ke bayan shafukan intanet da manhajojin da muke aika kuɗi da su, da yawansu Linux ne, kuma manyan nau'o'in da kamfanoni ke haya, Ubuntu da Debian da Red Hat, duk systemd suke amfani da ita. Saboda haka matashin da ya gama Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Kwalejin Hassan Usman yana neman aikin kula da sabobi, ko a Abuja ko daga ɗakinsa ta intanet, ba shi da zaɓi face ya iya systemd sosai, ya san rubuta fayil ɗin manhaja, ya san karanta rahotonta. Ƙin koyonta saboda wani bidiyo da aka kalla cutar kai ne.

Haka kuma ban yarda a raina masu riƙe da sauran hanyoyin ba. Ɗalibin nan da ke zargin makirci yana da tsohuwar laftof da ya saya hannu na biyu, mai ƙwaƙwalwar gigabait biyu, batirinta ɗaure da salatif, kuma wani ƙaramin nau'in Linux marar systemd ne ya sa ta ke tashi da sauri har yake yin aikin aji a kanta. Ba rashin systemd kaɗai ya sa ta sauƙi ba, fuskar allon ma mara nauyi ce, amma mutanen da suka ƙi bin ayari su ne suka ci gaba da kula da irin waɗannan nau'o'in. Kasancewarsu kuma ita ke sa maganar cewa kowa na iya ficewa ta zama gaskiya a aikace, domin 'yancin da babu wanda ke amfani da shi yana mutuwa a hankali.

Abin da na fi so ɗalibaina su ɗauka shi ne irin tambayoyin da ake yi kafin a amince da manhaja. Mutum nawa ne ke da ikon shigar da canji a cikinta, kuma wa ke biyan su? Idan aka kai ƙorafi, yaya ake amsawa? Idan gobe masu ita suka juya, akwai hanyar fita da wani ke kula da ita? A kan waɗannan ma'aunai systemd tana da ƙarfi wajen yawan masu dubawa, tana da tarihin rauni wajen sauraro, xz kuwa kowa ya yarda da ita alhali mutum ɗaya gajiyayye ne ke ɗauke da ita.

Akwai kuma abin da ke damuna game da mu kanmu. Duk waɗannan ƙuri'u da aka kaɗa, mu masu karɓa ne kawai, alhali matsalolinmu, irin su ɗaukewar wuta da tsadar data da tsofaffin injuna, su ne ya kamata masu rubuta init su ji daga bakin wanda ke fama da su. Debian ba ta tambayar mutum ƙasarsa kafin ta karɓi rahoton matsala ko fassara ko gyara, kuma ta wannan hanyar ce ake kaiwa ga zama mai ƙuri'a. Na ba ɗaliban nan biyu aiki guda: mai son systemd ya girka Devuan ya tayar da sabar ajiyarmu a kanta, mai ƙin ta kuma ya rubuta fayil ɗin systemd na wannan sabar, sa'annan kowannensu ya zare wayar wuta sau biyar ya rubuta abin da ya tashi da abin da ya ƙi tashi. Za su kawo sakamakon ranar Asabar bayan la'asar.